Kafaɗa Muka Yi ta Shafa wa Mai, Ashe Saifa Ce

Salamu alaikum 'yan keke, na kusa da na nesa. Mubarak ne, Mubash naku na Gyadi-Gyadi, wanda kuka yi ta tura bidiyon faɗuwarsa kuna liƙa masa hoton dariya. E, ni ne dai. Ina nan da raina, alhamdu lillahi, sai dai an rage min kaya ɗaya a ciki. Wata shida ke nan ina cewa zan rubuto yadda aka yi, yau dai na zaunar da babban yatsana. Ku daure ku karanta har ƙarshe, musamman duk wanda ya taɓa kai kekensa wajen mai walda aka yanke masa ƙaho.

Ga wanda bai san harkar ba, wasan da muke ce wa katantanwa ne ya ja min. Kana tafe a hankali a kan ƙaramin keken nan na wasa, sai ka damƙe birkin gaba, ka turo nauyinka, tayar baya ta tashi sama, ka murɗa ƙugu, kai da keken ku juya a kan tayar gaba kaɗai har ku dawo inda kuka fuskanta. Rabin juyi kowa na yi. Cikakken juyi kuwa, duk gurup ɗinmu mutum biyu ne ke yi, Sadi da Emeka. Ni kuma na ci alwashin sai na zama na uku kafin hutun poli ya ƙare.

To ƙahon keke, wato ƙarfen da ake riƙewa, in ya cika faɗi yana bugun gwiwa wajen juyi. Shi ya sa duk muke kai namu wajen wani mai walda a bayan kasuwar Tarauni, ya sa zarto ya rage yatsa biyu ta kowane gefe. Da an yanke, robar da ta toshe bakin ta tafi ke nan. Sai a bar bakin bututu a buɗe, da kaifi kamar bakin gwangwanin tumatir. Duk haka namu suke. Ba wanda ya taɓa ganin laifin abin, gayu ne ma. In ka ga ƙaho a yanke ka san mai shi ya shigo gari.

Saura abu ɗaya da sai kun sani kafin ku gane wautata. Babana kafinta ne, shagonsa na bakin titi a hanyar Unguwa Uku. Bara na faɗi na guntule haƙorin gaba. Ranar ya ajiye gudumarsa ya ce, "Mubarak, buɗe kunnenka. Ranar da na sake jin ka faɗi a kan abin nan, ranar zan kira ɗan jari-bola ya auna shi a kilo." Baba ba ya maimaita magana. Keken nan kuwa shekara guda na yi ina goge masa katako a shago kafin na haɗa shi.

Satin farko.

Asabar ce, bayan La'asar, a tsohon gidan man nan da ya daina aiki, inda simintin yake sumul. Sadi na riƙe da waya yana ɗauka. Na shigo, na damƙe birki, baya ta tashi, na murɗa. Wallahi na wuce rabi, na wuce kashi uku, har na fara jin ihun gayu. Sai tayar gaba ta taka wata 'yar tsakuwa, ƙaho ya juye, na sauko da dukkan nauyina a kan bakinsa. Ƙarƙashin haƙarƙarina na hagu.

Numfashi ya ɗauke. Ina kwance ina buɗe baki kamar kifi, su kuma suna ta sheƙa dariya.

Emeka ya leƙo fuskata ya ce, "Mubash, ka mutu ne ko mu ci gaba?"

Da iska ta dawo na ce, "Matsa malam, hutawa nake."

Na ɗaga riga. Ba jini ma sosai. Wani zobe ne kawai ya fito, zagayayye tsaf, kamar an danna min murfin kwalba. Sadi ya ce, "Nomal ne wannan, tambari ka samu." Kafin Magariba ya sa wa bidiyon kiɗa, ya rage masa gudu daidai wajen faɗuwar, ya ɗora a sitatus. Na ce masa don Allah kar 'yan gidanmu su gani. Ya ce ba matsala. Ya manta ƙanwarsa ƙawar yayata ce.

Washegari da safe Yaya Rukayya ta tare ni a soro. Ita ce babba a gidanmu, firamare take koyarwa. Ta ɗora min waya a hanci.

"Wannan wane ɗan iskan ne?"

"Yaya don girman Allah."

"Nuna min wajen."

Na nuna mata. Ta taɓa, na cije ban motsa ba. Na ce, "Kin gani? Ko ciwo babu. Kin san Baba, kilo zai kai keken." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "In na ji ka ce wash sau ɗaya, sai na faɗa." Shi ke nan na koyi ciwo ba wash.

Ranar Litinin ciwon ya tashi daga ciki ya koma kafaɗar hagu. Can saman, wajen wuya. In na kwanta ya fi tsanani, in na ja numfashi ya soke ni. Ku ji wauta, murna na yi. Na ce kafaɗa ai da sauƙi, komai ma na iya jawo ciwon kafaɗa.

Umma ta ce, "Kwanciya ce. Kullum kana karkace kana latse-latse, ba dole ba." Ta ɗauko man zafi ta murje ni har ɗakin ya koma warin masallacin tsofaffi. Na je kemis na ce kafaɗa, ya ba ni ƙwayar ciwon jiki mai ƙarfi, safe da yamma. Daga baya likita ta ce irin wannan ƙwayar ƙara wa jini gudu take. Ba laifin mai kemis ba ne. Abin da na faɗa masa shi ya ba wa magani.

Sati na biyu.

Jiri ya fara. In na miƙe sai na dafa bango. Abinci ya fita raina, ni da nake cinye taliya leda guda ni kaɗai. Ga zazzaɓi sama-sama. Nan fa 'yan shawara suka buɗe ofis. Kawu Sale, ƙanin Umma, direba ne a tashar Unguwa Uku, ya ce sanyi ne ya kama ni, fanka ce. Ya kawo wani jiƙo a robar lemo mai ɗaci kamar an dafa taya. Maƙwabciyarmu ta ce ciwon shawara ne, a duba idona. Aka kai ni gwajin jini, takarda ta fito da maleriya da taifot. To wa aka taɓa gwadawa a garin nan ba a samu ɗaya daga cikin biyun ba? Kowa ya samu natsuwa, an gano ciwo. Aka yi min allurai kwana uku.

Rana ta biyun allura Umma na goge min jiki da tawul, ta ga zoben. Lokacin ya yi baƙi, ya yi ɓawo.

"La ilaha! Makero ne ma ya fito maka? Wajen askin nan naku ne."

"A ciki, Umma?"

"Makero yana tambayar wuri ne?"

Ta matse lemon tsami ta haɗa da toka ta goga min. Na ga taurari da rana tsaka, amma ban ce wash ba. Yaya Rukayya na bakin ƙofa tana kallona, na yi mata alama da ido. Ta juya ta fita.

Kafaɗa dai ta ƙi. Kawu ya ɗauke ni sai Ƙauyen Alu, wajen wani tsoho mai ɗori. Wannan bawan Allah, duk inda yake Allah ya saka masa da alheri. Ya laluba kafaɗar, ya ɗaga hannun, ya juya shi, ya sauke. Ya ce, "Ƙashin nan lafiyarsa ƙalau, jijiya ma haka. Samari, ba ka faɗi ba?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ja min fatar ido ƙasa ya duba. Ya ce wa Kawu, "Wannan ba nawa ba ne. Ku kai shi asibiti yau." Ko sisi bai karɓa ba. A hanya Kawu ya ce, "Tsohon nan tsufa ya fara taɓa shi. Da can da ya taɓa ka shi ke nan." Muka tsaya ya saya min tsire, muka dawo gida.

Abin da ya ƙarasa ruɗa mu shi ne, wajen kwana na goma sai na ji sauƙi. Zazzaɓi ya sauka, na ci tuwo, na fita ƙofar gida. Har na rubuta a gurup, "Oga ya dawo, a gyara fili." Umma ta ce allura ce, Kawu ya ce jiƙonsa ne, ni kuma na ce a raina na sha da ƙyar, keke ya tsira.

Sati na uku.

Ranar Lahadi da hantsi, kwana goma sha biyar da faɗuwa, Baba ya ce tunda na warke in zo in kama masa ƙofa mu ɗora a a-kori-kura, mai ita na jira. Ƙofar madaci ce, mai nauyi. Na kama gefe, ya ce ɗaya, biyu, na ɗaga. Sai na ji wani abu ya saki a cikina, kamar an kwance leda mai ruwan ɗumi. Gumi mai sanyi ya keto min. Na ce, "Baba, ajiye." Abin da na sani ke nan. Na farka a kan dusar katako, Baba na marin kumatuna yana kiran sunana da wata murya da ban san yana da ita ba.

A-kori-kurar da za ta kai ƙofa ita ta kai ni babban asibiti. Ƙofar aka bari a titi.

Ƙorafina na farko ga shi. Mun isa ba gado. Aka ajiye ni a benci, aka tura Baba yankar kati, layin kati har waje. Umma ta iso a adaidaita da takalmi kala biyu. Mutum na zubar da jini ta ciki, daga waje ba a ganin komai, to wa zai ba ka hanya? Wanda ya zo da yankan wuƙa a yatsa ma ya fi ni kama da mara lafiya. Godiyata ta farko kuma ga wata nas da ta zo wucewa, ta kalle ni, ta dawo da baya, ta ɗaura min abin awon jini. Tana ganin lambar ta ƙwala kira. Cikin minti biyu aka samu gadon da aka ce babu.

Likitar mace ce, 'yar gajera, da tabarau da takalmin roba. Ta danna min ciki, na yi ƙarar da na shafe sati biyu ina haɗiyewa. Ta ɗaga riga ta ga zoben.

"Wannan fa?"

Umma ta ce, "Makero ne, likita, muna sa masa magani."

"Hajiya, makero ba ya fitowa kamar an zana da ma'auni." Ta sunkuyo kaina. "Mubarak, ka faɗi? An doke ka? Mashin? Ƙwallo? Ka faɗa min da sauri, ba mu da lokaci."

Baba na tsaye a kaina, da kati a hannu, dusar katako a hularsa. Na kalle shi. Jama'a, ku yi min duk zagin da kuka ga dama, na cancanta. Ina jin raina na fita ta ƙafa, na buɗe baki na ce, "A'a."

Daidai nan Yaya Rukayya ta kutso. Ba ta ce wa kowa sannu ba. Ta miƙa wa likita waya. Ta manta ba ta rage murya ba, sai ga kiɗan Sadi da dariyar gayu sun cika ɗakin, a tsakanin masu nishi da masu salati. Likita ta kalla sau biyu. A na biyun ta tsayar da shi daidai inda ƙarfen ya shige ni.

"Yaushe ne wannan?"

Yaya ta ce, "Sati biyu da kwana ɗaya. Na sani tun washegari. Ni na ɓoye." Ta fashe da kuka.

Aka jawo na'urar hoton ciki, aka shafa min wani abu mai sanyi, likita ta nuna wa Baba wani baƙi-baƙi a allo ta ce duk jini ne. Ta ce saifata ce ta tsage tun ranar faɗuwa, jinin ya taru a cikin fatarta yana jira, yau da na ɗaga nauyi ta fashe. Umma ta ce, "To likita, kafaɗa fa yake cewa." Amsar da ta ba ta har yanzu tana kaina. Ta ce, "Saifa ba ta kuka a inda take, Hajiya. A kafaɗar hagu take kuka." Ta ƙara da cewa mu da muke shan maleriya tun muna yara, saifarmu kan kumbura, ƙaramin duka ma ba ta so.

Baba ya miƙo hannu. Ya karɓi wayar, ya kalli bidiyon shi ma har ƙarshe, ya mayar wa Yaya. Ya sa hannu a takardar tiyata.

Sauran na ranar a bakin Yaya na ji. An ce za a sa min jinin da ke ajiye, amma sai an kawo masu mayarwa, kuma da yawa. Baba hawan jini, aka ƙi. Umma nata bai kai ba. Yaya ta bayar. Kawu Sale da ya ga girman allurar sai ya tuna ya bar mota a layi. Ana turo ni hanyar tiyata Yaya ta kamo babban yatsana ta buɗe wayata da shi, ta shiga gurup ɗinmu ta yi magana da murya: "Ni ce yayar Mubarak. Duk wanda ya yi dariya a bidiyon nan ya zo ya ba da jini yanzu."

Ta ce ko rabin awa ba a yi ba sai ga su, mutum goma sha ɗaya a kan ƙananan kekuna, sun jero ta bakin get kamar 'yan ɗaurin aure. Mai gadi ya hana su shiga da kekunan, suka tara su a gindin bishiya. Emeka ya fara miƙa hannu. Sadi ya bayar yana rufe ido yana karanto duk addu'ar da ya iya, har ta shiga bayi. Mutum biyar aka ɗauka. Baba na tsaye a baranda yana kallon yaran da kullum yake kira 'yan zaman banza suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da auduga a hannu.

Sati na huɗu, a gadon asibiti.

Na farka da roba a hanci, roba a gefen ciki, da ɗinki daga ƙirji har cibiya. Saifa kam an cire ta. Ciwo daban, amma ƙishirwa ta fi. Ba ci, ba sha. Umma ke jiƙa auduga ta goga min a leɓe, in na so in tsotsa ta janye ta ce, "Kai dai ba ka jin magana ko a kwance." Tabarma ta shimfiɗa a baranda, kwana tara ba ta ga ɗakinta ba. Ita ke juya ni, ita ke riƙe min tasa, ita ke min alwala. Duk lokacin da ta zo goge wajen zoben sai ta sassauta hannu. Rannan ta ce, "Lemon tsami na sa maka, Mubarak. Da toka." Na ce, "Ni na ɓoye miki, Umma." Ta ce, "Rufe min baki."

Ƙorafi na biyu, magani. A rubuta, Yaya ta sauka, a ce babu, ta fita waje, ta dawo, a sake rubuta wani. Ta ce min ta san yawan matakalar benen nan fiye da sunayen 'yan ajinta. Ga zafi, ga fanka ɗaya mai juyawa in ta ga dama. Amma akwai wani nas, ƙato, mai ce min ɗan keke. Kwana biyu da tiyata ya ce, "Tashi ɗan keke, yau za mu je yawo." Na ce wallahi ba zan iya ba. Ya ce, "Kai da kake tsayawa a taya ɗaya, ƙafa biyu ce za ta gagare ka?" Ya kama ni muka yi taku shida. Shi ya koya min rungume filo in zan yi tari. Allah ya biya shi.

Abin da ba wanda ya taɓa gaya min shi ne, bayan aikin ciki ba a ba ka ko ruwa sai ka yi tusa. Da gaske nake. Kowace safiya likitoci su zagayo da farin kaya, babbansu ya tambaye ni a gaban Umma, "An yi iska?" In ce a'a. Ɗakin gaba ɗaya ya shiga jira da ni. Rana ta uku da hantsi Allah ya kawo ta. Umma ta ɗaga hannu ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi, wani dattijo a gadon kusa ya ce, "Barka, samari, Allah ya maimaita." Cokali uku na ruwan shayi aka ba ni. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba.

'Yan dubiya kuwa kowa da takardar maganinsa. Wannan ya ce hanta, wannan zogale, wannan lemon malt da madarar gwangwani. Maman Emeka ta zo da ruwan ganyen ugu, irin na miyarsu mai ƙara jini, a fulas, ta tsaya a kaina sai da na shanye bayan likita ta yarda. Kawu Sale ya zo da kankana, ya gyara zama ya ce, "Ai ni tun farko na ce a kai yaron nan asibiti."

Baba ne bai ce komai ba. Kullum bayan Azahar zai zo, ya zauna a kujera, ya tambayi Umma abin da likita ta ce, ya tashi. Ni ko kallo. Wallahi da duka ya yi min da ya fi sauƙi. Sai rana ta shida, Umma ta fita wanke kwano, ya jawo kujerar kusa.

"Mubarak."

"Na'am, Baba."

"Likita ta tambaye ka, kana mutuwa, ka kalle ni ka ce a'a."

Na kawar da kai gefe.

"Saboda keke?"

"Ka ce za ka kai shi kilo, Baba."

Ya cire hula, ya kakkaɓe ta a gwiwa, ya daɗe yana kallon cikinta. Ya ce, "Na faɗa don kar ka faɗi. Ban faɗa don ka faɗi ka yi shiru ba." Ya mayar da hular. "Kuma ni na ce ka ɗaga ƙofar." Na ce, "Baba, ba ka sani ba ai." Ya ce, "Shi ne abin da nake faɗa." Ya tashi ya tafi sallah tun ba a kira ba.

Daga sati na biyar zuwa wata na huɗu, a gida.

An sallame ni da dokoki. Ba ɗaga ko bokiti. Allurar rigakafi har kala uku. Gidan sauro dole, ko ana zafin da kwalta ke narkewa, don likita ta ce, "Kai da sauro yanzu ba shiri har abada." Zazzaɓi ko na awa ɗaya ne, asibiti a ranar, ba kemis ba, ba jiƙon Kawu ba. Jarrabawar zangon ta wuce ni, sai na maimaita. Abin da aka kashe ban tambaya ba, ba a kuma gaya min ba. Na dai je shago na ga wajen da injin goge katakon Baba yake zama ya zama fili, Baba ya koma goga da hannu. Yaya Rukayya sati uku ba ta yi min magana ba. Da ta yi, cewa ta yi, "Kar ka sake ba ni ajiyar sirri, ko na naira biyar ne."

Keke kuwa ba ya soro. Na ce shi ke nan, an auna. Ban yi ko tari a kan maganar ba.

Ranar da likita ta ce na warke, zan iya komawa motsa jiki a hankali, Baba ya ce in biyo ta shago. Na shiga, sai ga kekena rataye a bango bayan allunan katako. An wanke shi. Bakin ƙahon nan biyu an toshe su da katako, an sassaƙa shi zagaye kamar kan muciya, an goge sumul, har da fenti mai sheƙi. A ƙasa ga wani kwali cike da irinsu.

Baba ya ce, "Ka kira min waɗanda suka ba ka jini. Da waɗanda aka ƙi ɗaukar nasu."

Asabar ɗin nan layin kekuna ne a ƙofar shago har mai shayi ya zaci rabo ake. Baba na auna kowane baki da ma'auninsa, ya zaɓo toshi, ya sa gam, ya buga da guduma. Da aka zo kan Sadi ya tsaya.

"Kai ne mai dariyar nan a bidiyo?"

"Wallahi ba ni ba ne, Baba, muryar ce ta yi kama."

"Miƙo keken, ɗan nema."

Emeka ya ciro kuɗi, Baba ya ce, "Mayar. Ka riga ka biya." Da ya gama ya juyo kaina a gabansu duka ya ce, "Tsohuwar doka na janye ta. Ga sabuwa. In ka faɗi sau goma, ka gaya min sau goma."

To jama'a, abin da ya sa na rubuto ke nan. Ku je ku duba bakin ƙahonku yanzu, ba anjima ba. In a buɗe yake ku toshe, ko da me. In ƙarfe ya buge ku a ciki, ko jini bai fito ba, ko kun tashi kuna dariya, ku je a yi hoto, kuma ku faɗa wa likita gaskiya ko waye ke tsaye a kanku. In kafaɗar hagu ta kama ciwo bayan faɗuwa, ku bar man zafi ya huta. Sauƙin da na ji a kwana na goma shi ya kusa kai ni.

Asabar da ta wuce na koma tsohon gidan man. Na share simintin da tsintsiya da hannuna, tsakuwa ko ɗaya ban bari ba. Na gwada, na faɗi. Na ciro waya: "Baba na faɗi." Ya turo murya: "Ɗaga riga ka ɗauko hoto." Na tura. Na sake faɗuwa, na sake turawa. A na huɗu ya ce, "Kai wai ba ka da aiki ne? Ɗauko hoton."

A na biyar na shigo a hankali, na damƙe birki, baya ta tashi, na murɗa. Gidan mai ya zagaya, bishiya ta wuce, Emeka ya wuce da baki buɗe, bishiyar ta dawo. Tayar baya ta sauka dif, ƙafata na kan feda. Cikakken juyi! Gayu suka yi kaina da ihu, ina cewa ku bi a hankali, akwai ɗinki.

Na tura wa Baba bidiyon. Na ga ya buɗe. Minti biyar, goma, ba amsa. Na ce ko na yi laifi ne. Sai Yaya Rukayya ta turo min saƙo: "Je ka duba sitatus ɗin Baba."

Baba fa, wanda tun da ya sayi waya ba abin da yake ɗorawa sai hoton gado da kujera. Na buɗe. Ga ni ina juyawa a taya ɗaya, toshin katakon nan na sheƙi a rana. A ƙasa ya rubuta: "Aikin katako mai inganci. An gwada a kan ɗana."